Aidin Mai Radiyeshon a Maganin Tayirod: Adadinsa da Kariyar Iyali

Tayirod ƙwaya ce a gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo. Kusan ita kaɗai ce a jiki ke tara sinadarin aidin. Shi ya sa idan aikinta ya yi yawa, ko aka yi tiyatar kansarta, likita kan ba ka aidin-131 ka haɗiye. Yana taruwa a cikinta ya ƙone ƙwayoyin da ke ciwo. Tun 1941 ake wannan magani.

Ana auna shi da milikuri. Mai tayirod da aikinta ya yi yawa yakan sha kamar 10 zuwa 15, galibi ya fita asibiti ranar. Mai kansa kuwa daga 30 zuwa 150, wani lokaci fiye, kuma sau da yawa akan keɓe shi a ɗaki na 'yan kwanaki. Duk kwana 8 ƙarfin maganin yana raguwa da rabi, wanda bai zauna a wuya ba kuma yana fita ta fitsari, kaɗan ta yawu da gumi.

Iyakar da ake magana a kai ba taka ba ce, domin kai magani kake sha. Ta mutanen da ke kusa da kai ce: milisiba 1 a shekara ga jama'a, musamman yara da masu ciki. Abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska da abinci a shekara ya kai kamar 2.4. A Najeriya hukumar NNRA ce ke sa ido a kan wannan.

Daga Wurno, Rabah ko Goronyo, yawanci UDUTH Sakkwato za ka fara zuwa, daga nan a tura ka inda ake bayar da shi, kamar Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko UCH Ibadan. A ganina hanyar dawowa ce aka fi mantawa da ita. Yini guda a motar haya, kafaɗa da kafaɗa da mai goyo, ba daidai ba ne. Tun kafin ka sha, ka tambaya kwana nawa za ka jira, ka tanadi kuɗin masauki.

A gida, na kwanakin da likita ya yanka maka, ka kwana kai kaɗai, kada ka ɗauki yaro. Ka ware kofinka da kwanonka da butarka, ka bar cin tuwo a kwano ɗaya da jama'a. Ka sha ruwa sosai, ka yi fitsari a salga, ka kora da ruwa, ka wanke hannu. Idan ka ninka nisanka da mutum, abin da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ba a ba mai ciki, don haka ake gwaji tukuna. Mai shayarwa sai ta yaye makonni kafin nan, kuma ba za ta mayar da wannan yaron ga nono ba. Kada a ɗauki ciki sai bayan aƙalla wata 6.

Da yawa aikin tayirod ɗinsu kan ragu bayan watanni, su koma shan levothyroxine kullum. Kada ka tsallake gwajin jini.