Daga Gilashi Zuwa Lissafi: Tarihin Miƙe Layin Hoto

Idan aka ɗauki hoton gini da kyamara mai faɗin gani, ginshiƙin da ya ratsa tsakiyar hoton yakan fito a miƙe, amma bangon da ke gefe sai ya gantsare. Dalili kuwa shi ne gilashin kyamara ba ya girmama abu daidai wa daida a ko'ina: girman yana sauyawa gwargwadon nisan wuri daga cibiyar hoto. In ya ragu wajen gefe, murabba'i yakan kumbura kamar ganga. In ya ƙaru, ɓangarorinsa su lotsa ciki kamar ƙugun kalangu.

A 1857 masanin lissafi na Munich, Ludwig von Seidel, ya rarrabe aibu biyar da ke tattare da gilashi mai doro. Huɗu daga ciki suna dusashe hoto, su cakuɗa hasken wannan ɗigo da na maƙwabcinsa. Na biyar, wato lanƙwasa, ya bar ɗigon da kaifinsa, sai dai ya ajiye shi inda ba muhallinsa ba. Duk tarihin da ya biyo baya a kan wannan bambanci ya ginu. Hasken da ya cakuɗe yana da wuyar tsincewa, amma abin da ya goce kawai, in an san iyakar gocewarsa, ana iya mai da shi gurbinsa.

Masu sassaƙa gilashi ne suka fara neman magani. Sun lura cewa ƙofar haske, in tana gaban gilashi, ganga ake samu, in tana bayansa, kalangu. Saboda haka a 1866 John Henry Dallmeyer a Landan da Adolph Steinheil a Munich, kowa da nasa binciken, suka ƙera ido mai rukunin gilasai biyu masu kama da juna, ƙofar tana tsakani, ta yadda kuskuren na gaba zai soke na baya. Dallmeyer ya raɗa wa nasa suna Rapid Rectilinear, ya kuma yi shekaru da dama yana cin kasuwa.

Mai ɗaukar hoton iyali ya gamsu da haka. Ma'auna ƙasa da gine-gine ba su gamsu ba, domin su hoto ma'auni ne a wurinsu. A Faransa, hafsan soja Aimé Laussedat ya yi ta gwada zana taswira daga hotuna a tsakiyar ƙarni na 19. A Jamus, Albrecht Meydenbauer ya tsallake rijiya da baya a 1858 yana awon babbar majami'ar Wetzlar daga sama, abin da ya sa ya koma ga auna gini daga hotonsa. Da jiragen sama suka shigo aikin, lamarin ya ƙara tsananta: a hoton da aka ɗauka bisa sikelin 1:50,000, gocewar kashi ɗaya cikin goma na milimita mita 5 ce a ƙasa. Daga irin waɗannan hotuna hukumar taswira ta Faransa da hukumar safiyo ta ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1946 suka zana taswirori da yawa na Nijar da Najeriya.

Wata dabara ta wancan zamani ta cancanci a tsaya a kanta, domin kyanta. Ana kiranta da sunan Porro da Koppe. A maimakon a kawar da lanƙwasar, sai a duba hoton ta cikin gilashi irin wanda ya ɗauke shi. Hasken ya bi hanyar da ya shigo ya koma, abin da ya lanƙwashe a shiga ya miƙe a fita. Wannan shi ne ainihin aikin da manhaja take yi a yau, illa dai ita da lambobi take maye gurbin gilashi na biyu.

Lambobin sun zo ta hannun mutum biyu da kusan rabin ƙarni ya raba. A 1919 Alexander Conrady, malami a Landan, ya bayyana abin da ke faruwa in gilasan ido ba su zauna a kan cibiya ɗaya ba. A 1966 Duane Brown na Amurka, wanda ya goge a aikin kyamarorin da ke bin sawun rokoki, ya tono aikin Conrady ya haɗa shi da lissafin lanƙwasar da ke tafiya da nisa daga cibiya. Abin da ya fito gajere ne ƙwarai: nisan kowane ɗigo daga cibiya ana ninka shi da wani adadi, wanda ƴan lambobi biyu ko uku na wannan gilashi suke ƙayyadewa. A 1971 ya nuna hanyar gano lambobin. A rataya zaruruwa masu nauyi a ƙarshensu, irin wanda magini ke duba tsayuwar bango da shi, a ɗauki hotonsu. Zaren a miƙe yake, don haka duk wani gantsaro da ya bayyana a hoton laifin gilashi ne, kuma ana iya auna shi.

Daga nan abin ya yi sauri. Roger Tsai na kamfanin IBM ya kai hanyar ga kyamarorin masana'antu a 1987. Zhengyou Zhang na Microsoft ya nuna a 2000 cewa takarda mai gidaje baƙi da fari, in an ɗauke ta ta fuskoki kaɗan, ta wadatar. Helmut Dersch, malamin kimiyya a Jamus, ya saki Panorama Tools kyauta a 1998, kamfanin DxO na Faransa ya fito da tasa manhajar a 2004, Adobe kuma ya shigar da kundin bayanan gilasai cikin nasa a 2010.

Sai al'amari ya juya. Tun daga tsarin Micro Four Thirds da Olympus da Panasonic suka sanar a 2008, masu ƙira suka fara barin lanƙwasa a gilashi da gangan, su mai da hankali ga aibun da ke dusashe hoto, su bar wa manhaja miƙewa. Ido ya ƙanƙance, ya yi sauƙin kuɗi, kuma ta fuskar ilimi zaɓin daidai ne. Amma akwai ladan da ake biya a ɓoye. Miƙe ganga yana nufin a ja kusurwoyin hoto, a ƙirƙiri ɗigo tsakanin ɗigo, sannan a yanke gefen da ya yi saura. Mai amfani da hoto a matsayin hujja, a kotu ko a awon fili, yana bukatar sanin ko an taɓa shi da kuma lambobin da aka yi aiki da su, alhali wayar salula ba ta cika faɗa masa ba.

Kuma miƙaƙƙen layi bai gama magana ba. A hoto mai faɗi wanda layukansa suka miƙe sarai, kan mutumin da ke gefe yakan baje kamar ƙwai. Wannan ba aibin gilashi ba ne, sakamakon shimfiɗa faffaɗan fage ne a kan bai ɗaya. Don haka a 2019 masu bincike na Google suka wallafa wata hanya da ke gano fuskoki a hoton waya, ta mayar musu da lanƙwasa a daidai wurinsu, ta bar bangon da ke bayansu a miƙe.