Tattabara, Ɓera da Mashayi: Tarihin Auna Haƙuri

A shekarar 1972, a jami'ar Stony Brook da ke jihar New York ta Amurka, Howard Rachlin da Leonard Green suka ajiye wa tattabaru zaɓi biyu: ko su ci hatsi na daƙiƙa 2 nan take, ko su jira daƙiƙa 4 su ci na daƙiƙa 4. Tsuntsayen suka riƙa afka wa ƙaramin rabon, kamar sun yarda cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma da aka nisanta zaɓin duka biyu, aka sa su yanke shawara tun hatsin bai kusanto ba, sai suka juya suka fifita babban rabo. A 1975 likitan ƙwaƙwalwa George Ainslie ya fitar da ma'anar abin: darajar lada tana faɗuwa ƙwarai da zarar an ɗan jinkirta shi, shi ya sa niyyar da aka ƙulla da safe take warwarewa idan abin sha'awa ya zo gaban ido.

Sai da aka shafe fiye da shekara 20 kafin a ɗauki wannan ma'auni a kai shi wurin mashaya. A 1997, a jami'ar Vermont, Gregory Madden da Warren Bickel da abokan aikinsu suka tambayi masu jarabar hodar heroin ko nawa za su amince su karɓa yau a madadin dala 1,000 da za ta zo daga baya. Aka tarar suna rage darajar kuɗin gobe fiye da waɗanda ba sa sha, kuma idan hodar ce aka jinkirta maimakon kuɗi, haƙurin nasu ya fi gajarta. Bayan shekara 2, rukunin Bickel ya sami irin wannan a masu shan taba, tare da wani abu da ya ɗaure wa masana kai: waɗanda suka daina shan ba su bambanta da waɗanda ba su taɓa sha ba. Shin barin tabar ne ya maido musu da haƙuri, ko kuwa masu haƙurin ne kaɗai suka iya bari?

Tambayoyi ga mutane ba za su warware wannan ba, domin ba a san yadda suke kafin su fara sha ba. Dole aka koma ga ɓeraye, kuma amsoshin farko ba su yi wa kowa daɗi ba. A 1996 John Evenden da Christine Ryan suka ga amfetamin yana ƙara wa ɓera gaggawa. A 2002 kuwa, a Chicago, Harriet de Wit ta ga ya rage ta a jikin mutane masu lafiya. Masanan Cambridge, Rudolf Cardinal da Trevor Robbins da Barry Everitt, sun riga sun nuna a 2000 cewa ƙaramin abu kan juya sakamakon: idan aka kunna fitila a lokacin jira, maganin yana taimaka wa ɓera ya jure, idan babu fitila sai ya yi akasin haka. A ganina wannan ne binciken da ya fi cancantar a tuna, domin ya rushe zaton cewa ƙwaya aiki ɗaya take yi a kowane hali.

Tambayar ko gaggawa ce ke kai ga shan ƙwaya, ko kuwa shan ne ke haifar da gaggawa, ta sami amsa ta fuska biyu. A 2005, a jami'ar Minnesota, Jennifer Perry da Marilyn Carroll suka auna ɓeraye tun ba su ɗanɗani komai ba, sai masu gaggawar cikinsu suka riga sauran koyon ɗura wa kansu koken. A 2007 kuma, a jami'ar Texas A&M, ɗakin binciken Barry Setlow ya yi wa ɓeraye allurar koken na mako 2, sannan aka janye. Bayan wata 3, ba ɗigon magani a jikinsu, suna nan suna zaɓen ƙaramin abincin da ke zuwa nan take.