Ƙasar Mata a Adabi: Tsakanin Rokeya da Gilman

Ranar 9 ga Disamba ta kowace shekara ce Bangladesh ke tunawa da Rokeya Sakhawat Hossain, wadda aka haifa a yankin Rangpur a 1880, ta kuma rasu a Kalkata a 1932, kuma lokaci ne da ya dace a waiwayi taƙaddamar da ake yi kan asalin labaran "ƙasar mata", wato ƙagaggun labaran da ke siffanta al'umma mai cikakken tsari wadda mata ke jan ragamarta.

Sunan da aka fi ambatawa shi ne Herland, wanda Charlotte Perkins Gilman ta Amurka ta buga kashi-kashi a mujallarta The Forerunner a 1915, inda maza uku suka faɗa wata ƙasa da mata suka shekara 2,000 suna haihuwa ba tare da namiji ba. Sai dai littafin na ɗauke da tabon da ba ya ɓoyuwa, domin a cikinsa ana hana wasu mata haihuwa da sunan gyaran iri, kuma tun a 1880 Mary Bradley Lane ta riga ta da Mizora, ƙasar farare zalla.

Rokeya ta buga nata, Sultana's Dream, da Turanci a wata mujallar mata ta Madras a 1905, shekara 10 kafin Gilman. Masu cire shi daga wannan sahu suna kafa hujja da cewa akwai maza a ƙasar da labarin ya siffanta, alhali kuwa nan ne ƙarfin labarin yake, domin ba ta shafe maza ba, juya kulle ta yi. Zenana, wato sashen da ake killace mata a gidajen Indiya, ya koma mardana, inda maza ke girki da reno, yayin da mata ke gudanar da jami'o'i biyu, ɗaya ta gano hanyar tatso ruwa daga gajimare, ɗayar kuma ta tara zafin rana. Da maƙiya suka fi ƙarfin sojojin ƙasar, da wannan zafin ne matan suka fatattake su, bayan maza sun yarda su shiga kulle. Haka kuma doka ta hana aurar da yarinya kafin ta cika shekara 21, wanda ba ƙaramin furuci ba ne daga Musulmar da ta tashi a gidan da ba a son mace ta yi karatun Bangali ko Turanci, sai da dare yayanta ke koya mata a ɓoye.

Akwai masu kallon labarin a matsayin ramuwar gayya ga maza, amma abin da ta yi daga baya ya nuna ilimi ne damuwarta. Mijinta ya rasu a 1909, ta buɗe makarantar 'yan mata a Bhagalpur da ɗalibai biyar, ta mayar da ita Kalkata a 1911, kuma har yau makarantar na nan tana ɗauke da sunan Sakhawat.