Keke mai caji

Keke mai caji, ko keken lantarki, keke ne da aka haɗa masa ƙaramin inji da batir domin taimaka wa mahayi wajen tuƙi. Ya bambanta da babur saboda ba ya shan fetur, kuma yana da feda, ta yadda ko batir ya ƙare ana iya ci gaba da tuƙa shi da ƙafa. An fi ganin amfaninsa a wurare biyu, wato hawan tudu da ɗaukar kayan cefane.

Tarihi

A ranar 31 ga Disamba 1895 aka bai wa Ogden Bolton Jr. na Amurka takardar mallakar fasahar keke mai batir, wanda injinsa ke cikin tayar baya. A 1897 Hosea Libbey na birnin Boston ya fito da nasa samfurin. Nauyin batir ne ya hana keken yaɗuwa na tsawon shekaru. Lamarin ya sauya bayan kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, sannan Yamaha na Japan ya fitar a 1993 da keken da injinsa ke ƙara ƙarfi daidai da yadda mahayi ke taka feda. A yau ƙasar Sin ce kan gaba a duniya wajen ƙera shi da kuma hawansa.

Yadda yake aiki

Manyan sassansa su ne inji, da batir, da na'urar da ke daidaita wutar da ke zuwa wa injin. Injin iri biyu ne. Akwai wanda ake sakawa a tsakiyar taya, shi ne mafi araha da sauƙin gyara, amma yakan yi zafi idan hawa ya yi tsawo kuma kaya sun yi nauyi. Akwai kuma wanda ake sakawa a wurin feda, wanda ke jan sarƙa ta cikin giya, don haka ya fi ƙarfi a kan tudu, sai dai yana saurin cinye sarƙar.

Yawancin batura masu bolt 36 ne ko 48. Batirin litiyam ya fi na dalma rashin nauyi da daɗewa, na dalma kuma ya fi araha. Cika batir kan ɗauki awa 3 zuwa 6. A Tarayyar Turai, doka ta ɗauke shi a matsayin keke idan injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma yana daina taimakawa a gudun kilomita 25 cikin awa.

Hawan tudu da ɗaukar kaya

Nisan da batir zai kai ya dogara da nauyi da yanayin hanya. A lissafin kimiyya, ɗaga kilo 100 zuwa tsayin mita 100 na buƙatar aƙalla wat-awa 27, ban da abin da iska da gogar taya ke ci. Batir mai bolt 36 da amfiya-awa 10 yana riƙe wat-awa 360. Shi ya sa keken da ya yi doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba zai kai rabin haka ba idan aka ɗora masa buhun masara a hanyar burji mai hawa.

Keken da zai jure irin wannan aiki yana buƙatar ƙarfe mai kauri, da kariyar baya da aka ƙera domin kaya, da faffaɗar taya, da birki mai ƙarfi. Birkin na da muhimmanci domin keken kansa yakan kai kilo 20 zuwa 30, kuma haɗari ya fi yawa a gangara fiye da a hawa. Rataya kaya a gefuna biyu na tayar baya ya fi tara su a sama, saboda keken ba ya rinjaya.

A yankin Rano da Kibiya

Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, tana da nisan kimanin kilomita 60 kudu da birnin Kano, kuma an san ta da duwatsun da ke kewaye da garin. Ita da maƙwabciyarta Kibiya yankin noma ne, inda mutanen garuruwa irin su Rurum, Saji, Tarai da Durba ke zirga-zirga tsakanin gida, gona da kasuwa. An daɗe ana wannan sufuri da keke da jaki, daga baya babur ya mamaye.

Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Kano cikin 'yan kwanaki. Wannan ya sa hankalin jama'a ya karkata ga ababen hawa masu caji. Ga ɗalibi, ko malamin makaranta, ko ƙaramin ɗan kasuwa da tafiyarsa ba ta wuce 'yan kilomitoci a rana ba, keken na rage kuɗin mai da na hawa haya.

Ƙalubale

Babbar matsala ita ce wutar lantarki, wadda ba ta tsayawa a karkara, don haka mai keke kan dogara da sola ko shagon caji. Zafin bazara, wanda kan kai digiri 40 a watan Afrilu, yana rage ƙarkon batirin litiyam, ƙurar hunturu da ruwan damina kuma suna lalata mahaɗar wayoyi. Mai gyaran keke na ƙauye zai iya yin faci da gyaran birki, amma matsalar inji ko batir sai mai ilimin lantarki. Batir shi ne sashe mafi tsada, kuma dole a sauya shi bayan wasu shekaru. Yin caji da cajar da ba tasa ba, ko barin sa a rana, na iya haddasa gobara.