Ƙaramar mota a ƙasar Madarunfa: abin da ya kamata a sani kan saye, gyara da ƙarin kaya

Yau bayanin namu a kan ƙaramar mota yake, wadda ake ce ma salun, mai ƙofa huɗu da but a baya. Ita ce motar da ɗan kasuwa ko ma'aikaci ke fara saye in Allah ya hore mashi, ita ce kuma ƴan uwanmu na Legas, Abijan, Saudiyya ko Turai ke aiko ma iyaye. A ƙauye amfaninta ya wuce na mai ita kaɗai: ita ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, ita ke kai amarya, ita ke zuwa ta'aziyya. In ta lalace, gumin shekaru ne ya tafi. In ta tsaya ma mutum da dare a hanyar daji, ta wajen Gabi ko gefen dajin Baban Rafi, kowa ya san halin tsaron da ake ciki.

Daga ina motocin ke zuwa

Mafi yawan ƙananan motocin da ke yawo tsakanin Madarunfa, Maraɗi, Ɗan Isa, Safo, Jiratawa da Sarkin Yamma na hannu ne, waɗanda aka gama hawa a Turai ko Amurka. Wani rahoto na hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari nahiyar Afirka suka zo. Shekara da shekaru hanyarsu ita ce daga tashar ruwa ta Anbers a Beljiyam zuwa Kwatano, sannan a bi ta Malanbil da Gaya. Daga nan sunan "ƴar Kwatano" ya samo asali. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan 26 ga Yulin 2023, kaya da yawa sun koma bin Lome da Burkina Faso, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko ma ya ƙaru.

Da can Fijo ce sarauniyar hanya. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 ta daɗe tana jigila tsakanin Maraɗi, Jibiya da Katsina. Yanzu Toyota ta karɓe fagen: Corolla, da Carina E wadda aka ƙera daga 1992 zuwa 1997, da Avensis da ta gaje ta. Dalilin farin jininsu ɗaya ne, kowane bakanike ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu suna nan ko'ina.

Kafin a saya ko a aiko

Ɗan uwan da ke waje, kafin ka biya, tambayi na gida wace mota makanikan Maraɗi suka iya. Mai shan fetur, mai giyar hannu, ta fi sauƙin riƙo. Motocin gazuwal na zamani suna da matatar hayaƙi da na'urori masu son mai tsaftatacce ƙwarai, in sun samu matsala sai an nemi mai kwamfuta. Nijar da Najeriya duk hannun dama ake bi, saboda haka sitiyari ya kasance a hagu; motocin Ingila da na cikin Japan sitiyarinsu a dama yake. Motar Amurka kuma da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kenan in ta nuna 150,000 ta yi kilomita 240,000.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. A duba ta jikin motar, a gwada da ta cikin takardu, harafi da harafi. A ɗaga kafet a shinshina: warin ruɓa, tsatsa a ƙarƙashin kujeru ko busasshen laka cikin but alama ce ta motar da ambaliya ta ci. A leƙa ƙasa a ga ko an yanke tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, domin ana cire ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Sannan a tanadi kuɗin duwan, kart giriz, asirans da bizit tun farko. Motar da ba ta da cikakkun takardu, kullum mai ita cikin roƙo yake a gaban jandarma.

Sunaye biyu, abu ɗaya

Da yake muna bakin iyaka, makanikanmu da harshe biyu suke aiki. Abin da na Maraɗi ke ce ma bidanj, na Katsina sabis ko juyen baƙin mai yake cewa. Buji shi ne filogi, radiyata shi ne lagireto, amortisa shi ne shok, ambreyaj shi ne kuloci, isanshi shi ne fetur. Wanda zai aika a sayo mashi kaya a Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da ya fi shi ne ya ba ɗan aike tsohon ƙarfen a hannu, ko ya tura hotonsa da lambar da ke jikinsa ta WhatsApp. Corolla kala-kala ce, ta Turai daban, ta Amurka daban, ko da shekararsu ɗaya.

Ƙura, zafi da ruwa

Abubuwa ukun nan su ke cin mota a ƙasarmu. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji tana toshe matatar iska, injin ya rasa numfashi, ya riƙa shan mai. A riƙa ciro matatar ana kakkaɓewa a hankali, in ta yi baƙi ko ta yage a sake. Kada a yi tafiya ba ita ko na yini ɗaya, domin rairayin da ya shiga injin kamar dutsen wasa yake ma ƙarafan ciki.

Baƙin mai a irin yanayinmu kada ya wuce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, kuma a sake shi tare da matatarsa. Tsofaffin injina irin na Carina suna ɗaukar mai kauri kamar 15W-40 ko 20W-50. Sababbi sun fi son mai ruwa-ruwa kamar 5W-30, yadda littafin motar ya faɗa. A sayi galan rufaffe da hatiminsa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba wanda ya san abin da aka gauraya ciki. In fitilar mai, mai kama da ƴar buta, ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take a kashe injin.

A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Lokacin ne ake ganin motoci a gefen hanya bonet a buɗe. Ruwan rijiya yana da gishiri da ke daskarewa cikin radiyata ya toshe ƙananan hanyoyinsa, ya kuma jawo tsatsa. Ruwan sanyaya injin na kwalba, kore ko ja, shi ya dace. Akwai wata al'ada ta cire tamostat da zarar mota ta iso, wai don Turai aka yi shi. Aikinsa shi ne ya riƙe zafin injin daidai, wajen digiri 80 zuwa 90. In an cire, injin kan daɗe bai ɗumama ba da safe, ya ƙara shan mai, ya kuma ci kansa da wuri. In mota na zafi, a binciki fanka, murfin radiyata, famfon ruwa da tiyo. Kada kuma a buɗe murfin radiyata injin na tafasa; mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta haka.

Da damina, in Gulbin Maraɗi ya kawo, ƙoramu suka cika, ƙaramar mota ba ta ratsa ruwan da ya kai rabin taya ba tare da haɗari ba. In ruwa ya shiga ta bakin shan iska, injin kan daskare, ƙarafansa su lanƙwashe. Motar da ta mutu cikin ruwa kada a sake murza mata makulli. A ja ta waje, a kira bakanike ya kwance buji ya fidda ruwan.

Taya, birki da bel

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT: in an rubuta 2319, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na da kyau, robarta ta soma bushewa, kwaltar bazara kuma ba ta raga mata. Cikin tayoyin hannu da ke shigowa akwai na sanyi, masu tambarin dutse da ƙanƙara. Robarsu taushi gare ta, zafinmu na cinye ta da sauri. Zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6. Iskar da ta dace an rubuta ta a ƴar takarda jikin ƙofar direba, galibi tsakanin kilo 2 da 2.3, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. A gaya ma mai faci adadin, kada a bar shi ya auna da bugun ƙafa.

Man birki yana shan raɓa, shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu, da irin wanda aka rubuta a murfinsa, DOT 3 ko DOT 4. Birkin da ke ƙara kamar ana wasa wuƙa, takalminsa ya ƙare, ƙarfe ke cin ƙarfe. Injin da ke aiki da bel na cikin gida, irin na Carina da tsofaffin Corolla, ana sake bel ɗin wajen kilomita 100,000. Wanda ya sayi motar hannu bai san ranar da aka sake shi ba, ya sake kawai. A wasu injina, irin na Fijo 406, in bel ɗin ya tsinke ana gudu, bawul da fistan ne ke karo, gyaran kuma ya ninka kuɗin bel sau da yawa.

Ƙarin da ke da amfani

Motar Turai don kwalta mai santsi aka yi ta. Abu na farko da ya cancanci kuɗi shi ne farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin, wanda zai kare tukunyar baƙin mai daga dutse da kututture. Mai walda na iya yin sa, amma ya bar hanyar iska da ta juyen mai. Ɗaga mota kaɗan, santimita 2 zuwa 3, yana taimako a hanyar rairayi. In aka zarce haka, mota kan yi rawa a kwana, ƙafafunta su riƙa lalacewa. Rigar kujeru, tabarmar roba, mayafin gilashin gaba na tare rana, famfon iska, igiyar ja, jak mai kyau, safaya mai iska da abin kashe gobara, duk kuɗinsu bai faɗi banza ba.

Ƙarin da ke jawo wahala

Manyan ƙafafun alminiyam da siraran tayoyi suna da kyan gani, amma rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa ƙafar. Ƙwan fitilar gaba na asali wat 55 zuwa 60 ne. Masu sa na wat 100 ba tare da rile da waya mai kauri ba suna narka soket, fitilu masu farin haske da ba a saita ba kuma suna makantar da mai babur da mai amalanke da ke tahowa. Duk abin da za a ƙara mai jan wuta, rediyo ne, lasifika ko cajar waya, a bi da shi ta fis. Ɗaure waya a madadin fis da ya ƙone shi ne mafarin gobarar mota da yawa. Batir lafiyayye kan nuna volt 12.6 injin a kashe, wajen 14 injin na aiki. Baƙin gilashi kuma yana rage gani da dare, yana sa jami'an tsaro tsayar da mutum, a Najeriya ma ƴan sanda kan nemi takardar izininsa.

Sai maganar lodi. Salun gaba ɗaya abin da take ɗauka, mutane da kaya, bai cika wuce kilo 450 zuwa 500 ba. Manya biyar sun kai kilo 350, saura wurin buhun gero ɗaya kenan. Kariyar sama kuwa kilo 50 zuwa 75 ce iyakarta. Ƙara ma mota ƙarfen baya don ta ɗauki buhu huɗu bai ƙara mata birki ba.

Mai da kayan gyara

Shekaru da yawa an dogara da man ƴan ruwa-ruwa mai shigowa daga Najeriya, har zuwa 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai a can, farashin ya tashi. Man gidajen mai, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011, ya fi kwanciyar hankali ga motoci masu injekta. Wanda dole ta sa ya sha na jarka, ya tace da kyalle mai tsabta, kada kuma ya riƙa barin tanki na ƙafewa, domin fetur ɗin ne ke sanyaya famfon da ke cikinsa.

Kayan gyara iri uku ne a kasuwa: sabo na kamfani, na hannu da aka kwance daga wata mota, da sabo na kwaikwayo. Farashinsu yana bin canjin naira da sefa da halin iyaka, kamar yadda aka gani lokacin rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da ta 2023 zuwa Maris na 2024. A fitila, madubi ko ƙofa, na hannu ya wadatar. A birki, bel, ƙafar sitiyari da taya, araha ba ta ado. A nemi bakanike ya dawo da tsohon ƙarfen da ya cire, a yi ciniki kafin ya kwance, ba bayan ya baza injin a ƙasa ba.

Ga masu aiko da mota daga waje

Yawancin rigimar da ke tasowa tsakanin ƴan uwa a kan mota, daga rashin tsari take. Tun ranar da ta iso a san sunan wanda ke kan takardu, a san direba ɗaya mai lasisi, a san bakanike ɗaya. A aje ƙaramin littafi cikin motar, a riƙa rubuta rana, kilomita, abin da aka sake da kuɗin da aka kashe, duk ƙarshen wata a ɗauki hotonsa a tura ma wanda ya saya. A ware wani abu duk wata don bidanj, taya da asirans, ko da motar lafiya lau take. In kuma za ta daɗe ba a hau ba, a aje ta a inuwa, a cire wayar batir, a riƙa tada ta ana ɗan zagayawa duk sati biyu, a kuma duba ƙarƙashin bonet saboda ɓeraye masu cin waya, musamman in gidan akwai rumbu kusa.