Sojojin Dalma na Nottingham: Shekara 50 na Games Workshop

Duk wanda ya san kan sayar da tsofaffin sojojin dalma a gwanjon intanet, hoton da ya fi ba muhimmanci shi ne na ƙasan ƙafa. Sai ya kifa ɗan sojan a tafin hannunsa, ya haska wani siririn harshe na ƙarfe da ke haɗe da ƙafafun, wanda ake cusawa cikin gindin filastik don sojan ya tsaya cak a kan tebur. A jikin harshen nan ake samun haruffa biyu, GW, da shekara: 1985, ko 1987, ko 1989. Sojan kansa duka-duka bai wuce gaɓar babban yatsa ba, amma idan shekarar ta yi daidai kuma zubin na asali ne, sai ka ga masu tayi daga Jamus da Amurka da Ostareliya sun yi masa caa, kowa na jiran daƙiƙun ƙarshe ya jefa nasa.

Haruffan nan biyu na nufin Games Workshop, kamfanin Birtaniya da ya cika shekara 50 a 2025.

Wasan da ake yi da waɗannan 'yan mutum-mutumi ya girmi kamfanin nesa ba kusa ba. Mutum biyu ne ke jera rundunoninsu a kan tebur da aka ƙawata da 'yan duwatsu da bishiyoyi da gidaje, su auna tafiyar kowace runduna da tef, su jefa 'ya'yan lido don sanin wanda ya harbi wani. Hafsoshin Furusiya sun karɓi irinsa a 1824 don koyon dabarun yaƙi, marubuci H.G. Wells kuma ya fitar da dokokinsa na masu wasa a gida a 1913 cikin littafin Little Wars. Sai dai har farkon shekarun 1970 harkar ta 'yan tsiraru ce masu sha'awar yaƙe-yaƙen tarihi irin na Napoleon.

A farkon 1975 samari uku da ke zaune gida ɗaya a titin Bolingbroke da ke yammacin Landan suka yanke shawarar mai da sha'awarsu sana'a: John Peake, Ian Livingstone da Steve Jackson. Peake ne mai hannu. Shi ke sassaƙa allunan wasa na katako, na backgammon da Go da mancala da wani tsohon wasan Turawa na jera 'ya'ya uku a layi wanda duk Bahaushen da ya gani zai tuna da dara. Livingstone ke yawon talla, Jackson ke riƙe da lissafi da rubutu. A watan Fabrairun shekarar suka fara buga wata 'yar takarda mai suna Owl and Weasel, suna aika wa duk wanda suka ji labarin yana son wasanni.

Rabo ya sa kwafi ɗaya ya tsallaka teku ya faɗa hannun mutanen kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, masu sabon wasan nan Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson. Suka aiko wa samarin da kwafi ɗaya. Livingstone da Jackson suka buga shi, ya shiga ransu, suka tattara abin da ke aljihunsu suka yi odar kwafi shida. A kan kwafi shidan nan aka ba su izinin zama su kaɗai masu rarraba wasan a duk Turai har shekara uku. Peake bai ga abin so a wasan dodanni da matsafa ba, ya yi sallama da abokansa a farkon 1976.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da masoyan kamfanin ba sa gajiya da ji. Mutanen biyu suka tafi Amurka a 1976 don halartar taron masu wasanni na Gen Con, suka dawo Landan ba gida ba ofis. Banki ya ƙi ba su rance, don manajan bai fahimci abin da suke sayarwa ba. Suka kama wani ɗan lungu a bayan ofishin dillalin gidaje a Shepherd's Bush, wurin da idan mai saye ya shigo sai ɗayansu ya fita waje. Kwana kuma a cikin motar ɗaukar kaya ta Jackson suke yi, watanni, ga sanyin Ingila. Akwai kulob ɗin wasan sikwash a kusa, sai suka yi rajista saboda su riƙa samun wurin wanka da safe. Da wannan haƙurin suka kafa mujallar White Dwarf a 1977, wadda har gobe ake bugawa, sannan a Afrilun 1978 suka buɗe shagonsu na farko a lamba 1, titin Dalling, Hammersmith. Ranar buɗewa layin mutane ya miƙe a bakin titi tun kafin a zare sakata.

Masu wasa na buƙatar 'yan mutum-mutumin da za su tsaya a madadin jarumansu, kuma a nan ne Bryan Ansell ya shigo. Mutumin yankin Nottingham ne, ya riga ya kafa Asgard Miniatures, ya san dalma kamar yunwar cikinsa. A 1979 shi da Games Workshop suka kafa Citadel Miniatures a garin Newark, bakin kogin Trent.

Aikin da ake yi a can maƙeran farinmu za su gane shi da kallo ɗaya. Masassaƙi zai murɗa 'yar waya ta zama ƙashin sojan, ya liƙa mata wani koren danƙo mai daskarewa, ya riƙa fitar da ido da gemu da zoben sulke da tsinken ƙarfe irin na likitan haƙori. In ya gama, sai a danne samfurin tsakanin faya-fayan roba biyu a gasa, siffarsa ta zauna a ciki. Faifan ake ɗorawa a kan inji mai juyawa da sauri, a tsiyaya narkakkiyar dalma da aka gauraya da kuza ta tsakiya, juyawar ta watsa ta cikin kowane rami. Faifan roba yana gajiya, yana ƙonewa, kuma ba kowane ake sake yi ba. Wannan ne asalin ƙarancin da masu gwanjo ke cin moriyarsa yau.

Ansell ya lura da wani abu da ya sauya komai. Mai buga Dungeons & Dragons jarumi ɗaya yake saye, sai dodo biyu ko uku. In da akwai wasan da zai sa mutum ya jera wadanni talatin a sahu ɗaya, ciniki zai ninka. Shi da Richard Halliwell da Rick Priestley suka rubuta dokokin, aka fitar da Warhammer a 1983. Daga nan zuwa 1991 ne zamanin da har yanzu ake ƙaunarsa, kuma ya cancanta. Tagwaye Alan da Michael Perry na sassaƙa mahaya da sulke kamar a ɗauko su daga gidan tarihi. Kevin Adams ya shahara da ƙananan dodanni masu dogon hanci, kowane da irin murmushin muguntarsa, har aka yi masa laƙabi da ubangidansu. Jes Goodwin ya ba mayaƙansa tsayi da ƙasaita, Aly da Trish Morrison na fitar da namun dawa da ba a taɓa gani ba, John Blanche kuma da zane-zanensa masu duhu da ja ya ɗora wa duniyar gaba ɗaya launinta. A runduna ɗaya ta wancan lokaci da wuya ka ga fuska biyu iri ɗaya. Wani ya gaji ya jingina da mashinsa, wani na riƙe da tulun giya, wani ya buɗe baki yana ihu. Hannun mutum a bayyane yake a jikin kowanne, shi ya sa gwanaye kan kalli soja su faɗi wanda ya sassaƙa shi ba tare da sun duba kasida ba.

A 1985 Ansell ya zama shugaban kamfanin duka, shekara ta gaba aka kwashe harkar daga Landan zuwa yankin Nottingham. Wasu ma'aikatan White Dwarf ba su ji daɗi ba, suka ƙi bin ayari, amma ai inda tukunyar zubi take nan ya kamata ofis ya kasance. Sakamakon bai jima ba: wasan Blood Bowl a 1986, gasar fenti ta Golden Demon a 1987, sai kuma a wannan shekarar Priestley ya fitar da Warhammer 40,000, wanda ya kai yaƙin sararin samaniya. Tare da shi aka fito da kwalin sojojin Space Marines talatin na filastik masu hular ƙarfe mai tsini kamar bakin tsuntsu, a kan kuɗin da bai kai fam goma cikakke ba. Kwalin nan, in an same shi ba a ɓalle sojojin daga jikin firam ɗinsu ba, yana cikin abin da ake rububi a kai.

Shekarun da suka biyo na girma ne da 'yan tuntuɓe. Tom Kirby ya jagoranci sayen kamfanin daga hannun Ansell a 1991, aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Landan a 1994, aka tare a Lenton cikin Nottingham a 1997, aka kuma daina sa dalma a zubi saboda lafiyar yara. Sojojin finafinan The Lord of the Rings sun kawo ciniki mai yawa daga 2001, da guguwarsu ta lafa ciniki ya ja baya, kamar yadda ya faru ga duk wanda ya hau ta. An yi gunaguni a 2011 da aka maye gurbin ƙarfe da wani sabon danƙo, an kuma yi a 2015 da aka rufe tsohuwar duniyar Warhammer aka buɗe Age of Sigmar. Kamfanin da ke ciyar da dubban ma'aikata dole wata rana ya yanke hukuncin da tsofaffin masoya ba za su so ba.

Su kuwa tsofaffin masoyan, sun riga sun sami kasuwarsu. Pierre Omidyar ya kafa eBay a 1995, ta iso Birtaniya a 1999, kuma yaran da suka yi ta leƙen kasidar Citadel ba kuɗin saye sun girma sun kama aiki. Suka raɗa wa sha'awarsu suna Oldhammer. A ɗaya gefen kuma ga iyaye na kwashe tarkacen 'ya'yansu daga saman silin, gwangwanin biskit cike da sojoji masu kaurin fenti.

Mai sayarwa na gaske ba ya zuba gwangwanin nan a gwanjo haka nan, ko da yake da yawa na yi, masu ido kuma su tsinci dami a kala. Shi jiƙa sojojin yake yi cikin Dettol, wannan dai ruwan ƙasa-ƙasan da ke kowane gida, su kwana, da safe ya bi su da tsohon buroshin haƙori har ƙarfen ya fito fes. Sai ya zauna da tsofaffin kasidu ya gano sunan kowane da jerin da ya fito ciki, domin kalma ɗaya a kan tallar na iya raba fam biyar da fam hamsin. Zai faɗi gaskiya in takobi ya karye an liƙa, ko in farin garin nan da ke cin tsohuwar dalma ya fara kama ƙafa. Wanda ke cikin ledarsa ta asali da kwalinsa ba a farke ba, farashinsa daban ne. Babbar annobar kasuwar ita ce jabu: wani ya ɗauki soja na asali ya yi sabon faifan zubi da shi. Ana gane irinsa da layin zubi biyu a gefe maimakon ɗaya, da fuska da ta dushe, da ɗan ƙanƙancewa in an jera shi da na gaske. Shi ya sa masu tayi ke nacewa sai sun ga ƙasan ƙafa. In an sallama, kowane soja da nasa naɗin, don ƙarfe biyu in suka gogi juna a hanya mashi ne ke lanƙwashewa.

Wani lokaci tayin kan kai inda ba a zata ba. Jirgin yaƙin Thunderhawk na ƙarfe, mai guntaye sama da 200, wanda aka sayar kaɗan cikin akwatunan katako a ƙarshen shekarun 1990, wani mai fenti ɗan Suwidin ya harhaɗa ɗaya ya fente shi, aka saye a eBay a 2021 kan kusan dala 35,000.

Ko kwabo Games Workshop ba ya samu daga wannan ciniki, amma ba shaidar da ta fi ta nuna ingancin abin da ya gina. Kaya nawa ne na shekarun 1980 ake faɗa a kansu yau? Kamfanin da banki ya hana rance ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a Disambar 2024, yana da shaguna sama da 500 a duniya, kuma a daidai lokacin da masana'antun Birtaniya suka yi ta ƙaura zuwa Asiya, shi har yanzu a Nottingham yake zuba sojojinsa. Waɗanda suka koyi aiki a cikinsa sun fita sun kafa nasu, Perry Miniatures da Warlord Games da Mantic, har ana kiran yankin da ɗamarar dalma. Livingstone ya sami lambar Sir a 2022.

Bryan Ansell ya rasu ranar 30 ga Disamba, 2023. Makonni kaɗan bayan haka, a Janairun 2024, kamfanin ya dawo da tsohuwar duniyar da ya rufe, da sunan Warhammer: The Old World, ya kuma sake zuba wasu tsofaffin sojojin ƙarfe. A Stoke Hall kusa da Newark, inda iyalan Ansell ke gudanar da kamfanin Wargames Foundry, masoya Oldhammer sun saba haɗuwa da bazara a taron Bring Out Your Lead. Suna zuwa da akwatuna shimfiɗe da soso, su jera rundunonin da suka tara ɗaya bayan ɗaya daga gwanjo, wasu sojojin shekara arba'in da zubawa kuma sai yanzu suka ga fenti, su auna da tef, su jefa 'ya'yan lido, mil kaɗan daga inda aka fara narka dalmarsu.