Daga Masinja Zuwa Intanet: Tafiyar Takarda a Ƙasar Mafara

Abin da nake so mu duba tare a wannan ɗan rubutu, ya ɗan'uwa mai karatu, shi ne yadda takarda ke fita daga wannan ofis ta isa wancan a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun. A ganina tarihin takarda tarihin iko ne, domin wanda kwafi ke hannunsa shi ke da bakin magana.

A zamanin Daular Sakkwato wasiƙa ɗaya ake rubutawa, a buga mata hatimi, a ba manzo ya hau doki. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sai suka kawo wayar tangarahu da gidan waya, En'e kuma ta cika da akawuna da masinjoji. Tafireta da takardar kabon kan ba da kwafi uku ko huɗu, na ƙarshen da ƙyar yake karantuwa. Duk a fayil suke ƙarewa, fayil kuma a kabad.

Ba a san illar wannan tsari sosai ba sai da aikin madatsar ruwa ta Bakolori ya zo. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki ta wajen Maradun, aka kuma baje gonakin Mafara da Bakura da katafila don aikin ban ruwa, har iyakoki suka ɓace. To, da me manomi zai kafa hujja? An auna gonaki, an rubuta sunaye, amma takardun suna ofis, shi kuwa ba shi da komai sai shaidar maƙwabta, su ma kukan da yake yi suke yi. Manoma suka ce an tsallake sunayen wasu, an tauye diyyar wasu, suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Ban ce rashin kwafi ne ya kashe su ba, amma ya taimaka wajen toshe musu bakin ƙara.

Yau an sami sauyi. A ofis mai kayan aiki akan haɗa kwamfutoci da waya, a ware guda wadda ake kira uwar garke, a zuba takardu da hotuna a cikinta, kowa ya ɗauka daga teburinsa. Sai dai a iya abin da na gani, ƙananan ofisoshinmu ba su bi ta nan ba, saboda rashin wuta da tsadar kaya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya WhatsApp ya biyo, sai aljihun ma'aikaci ya zama kabad. A ɗauki hoton sakula a tura, kafin azahar ta isa makarantun ƙauye. Talaka ma kan ɗauki hoton takardar gonarsa ya ajiye wa ɗansa.

Amma wannan hanya tana da makunni, kuma ba a hannunmu yake ba. Ran 3 ga Satumba, 2021, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, hukumar NCC ta sa aka rufe layukan sadarwa a duk Jihar Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan duk takardar da za ta bar Maradun ko Bakura sai da wani ya sa ta a jaka, ya bi hanyar da ake tsoro da ita.